Ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe samfurin 7x14 a hannun mai haɗa babur a gida

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin haɗa babur daga sassan da ba masana'anta ɗaya ta ƙera su ba ya san cewa manyan kayan ba su ne ke tsayar da aiki ba. Inji ana samunsa, firam ana samunsa, tayoyi da ƙafafun gaba da tanki duk suna nan a hannun masu sayar da tsofaffin kayan babur. Inda ake cijewa shi ne 'yar tazarar da ke tsakanin wannan da wancan: sandar taya mai kaurin milimita 15 ta haɗu da boris mai ramin milimita 12, ko taya ta zauna a karkace saboda ta rasa zoben da zai tsayar da ita a tsakiya, ko sarƙa ta riƙa cin gefen haƙoran giya domin giyar gaba da ta baya ba a layi ɗaya suke ba. Irin waɗannan ƙananan sassa babu mai sayar da su, domin babu wanda ya taɓa tunanin za a aurar da wannan taya da waɗannan ƙafafu. Dole mutum ya ƙera su da kansa ko ya riƙa zarya wurin masu manyan injuna, kuma wannan ne ya sa na sayi ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe, irin wanda yake juya ƙarfen da aka kama masa, wuƙa tana fiƙe shi har ya kai awon da ake so.

Injin da nake magana a kansa shi ne wanda ake kira 7x14, kuma lambobin awo ne na inci. Bakwai shi ne faɗin abu mafi girma da zai iya juyawa a saman gadon injin bai taɓa shi ba, wato kimanin milimita 180, sha huɗu kuwa tsawon da ke tsakanin tsinin gaba da tsinin baya, kimanin milimita 350. Masana'antu 'yan kaɗan ne ke ƙera shi a ƙasar Sin, amma 'yan kasuwa da yawa ne ke sayar da shi, kowa ya shafa masa launin da ya ga dama ya manna sunansa, don haka sunan da ke jikinsa ba ya gaya wa mai saye komai sosai. Nauyinsa wajen kilo 40 ne, mutum biyu za su ɗaga shi su ɗora a kan tebur ba tare da wahala ba. Ƙarfin motarsa ya danganta da samfuri, daga wat 250 zuwa wajen 550, kuma ana ƙara gudunta ko a rage da maɓallin murɗawa. Nawa yana da giya biyu a cikin kansa, ƙarama tana kaiwa wajen juyi 1,100 a minti, babba kuma wajen 2,500. Ramin da ya ratsa sandar juyawar milimita 20 ne, kuma mariƙin da ya zo da shi, wanda ke kama ƙarfen da za a sassaƙa, mai muƙamuƙi uku ne, faɗinsa milimita 80. Lambar nan ta 20 a riƙe ta, domin ita ce ke yanke hukunci a kan rabin abin da injin zai iya da wanda ba zai iya ba.

Babur ɗin da na gwada shi a kansa ƙarami ne, mai silinda ɗaya da ƙarfin cc 125. Firam ɗinsa an rage masa baya, ƙafafun gaba daga wani babur ne da ya fi shi girma, tayar gaba daga na uku, sauran ƙananan kaya kamar matakan ƙafa da maratayan fitila duk na hannu ne.

Abu na farko da ya kamata a faɗa wa mai niyyar saye, tun kafin ya buɗe akwati, shi ne cewa injin yana zuwa ne ba a gama shi ba. Jikinsa duk a shafe yake da wani jan giris mai kauri da aka sa don kada ya yi tsatsa a hanya, kuma a ƙarƙashin giris ɗin na tarar da ɓurɓushin yashi da tsakin ƙarfe da suka rage daga masana'anta. Idan aka kunna shi a haka aka fara aiki, wannan ƙurar ce za ta riƙa gurje gadon injin, wanda shi ne tushen duk wani daidaito. Sai da na kwance keken da ke ɗauke da wuƙa da teburin da ke kansa, na wanke komai da kalanzir, na goge kaifin da aka bari a gefuna da dutsen wasi, sannan na mayar na sa mai. Daga nan sai aikin daidaita siraran ƙarafan matsi da ke gefen kowane teburi, waɗanda ake ɗaurewa da ƙananan sukurori: idan sun yi sako-sako teburin ya riƙa wasa wuƙa tana nutsewa a aiki, idan kuma sun matse hannun murɗawa ya ƙi tafiya. Matokarin baya, wato sashen da ke tokare ƙarshen dogon ƙarfe, shi ma bai zo daidai da tsakiyar sandar juyawa ba, kuma alamar hakan ita ce duk dogon ƙarfen da aka fiƙe sai ya fito da kai ɗaya ya fi ɗaya kauri. Ina ganin wannan aibi ne na gaske, kuma takardar bayanin da ta zo da injin ba ta ce uffan a kansa ba. Sai dai dukansu abubuwa ne masu gyaruwa da sifana da haƙuri, kuma wanda ya kwance injin ya mayar da hannunsa ya riga ya san rabin halayensa. Ƙafafun roba da ya zo da su kuwa a cire su, a ɗaure injin da noti a kan tebur mai nauyi, domin bambancin da hakan yake kawowa a santsin aiki ido yana ganinsa.

Aikin da ya nuna mini darajar injin shi ne na tayar gaba. Boris ɗin da ke cikin cibiyar tayar mai lamba 6301 ne, wato raminsa milimita 12, faɗinsa na waje 37, kaurinsa 12. Sandar da ta zo da sababbin ƙafafun kuwa milimita 15 ce. A cikin boris ɗin da aka saba samu masu ramin 15 akwai 6202, wanda wajensa 35 ne kaurinsa 11, akwai kuma 6302, wanda wajensa 42 ne. Na biyun ya yi wa cibiyar girma, kuma babu naman da za a ƙwaƙule a saka shi. Na farkon ya yi ƙaranci da milimita biyu a faɗi da milimita ɗaya a kauri, kuma ya ɗan gaza 6301 wajen ɗaukar nauyi, amma ga babur marar nauyi irin wannan ya wadatar. Abin da ake bukata ke nan shi ne zoben ƙarfe mai wajen 37 da cikin 35, bangonsa milimita ɗaya tak, da ɗan leɓe a ciki mai kaurin milimita ɗaya wanda zai cike gibin kaurin.

Zobe mai siririn bango irin wannan ba a kama shi kai tsaye a mariƙi mai muƙamuƙi uku, domin matsin zai lanƙwasa shi ya yi kusurwa uku, a fiƙe shi da'ira yana matse, a sake shi ya koma wata siffa. Hanyar ita ce a kama guntun ƙarfe mai kaurin milimita 40, a huda shi, a faɗaɗa cikinsa, a fiƙe wajensa, duk a zama ɗaya ba a kwance shi ba, sai a ƙarshe a yanke zoben ya faɗo. A nan ne na ga iyakar injin da kuma alherinsa a lokaci guda. Ƙarfe mai laushi da wuƙar ƙarfen yanka ta gargajiya yana son gudun da bai wuce mita 30 a minti ba a bakin wuƙa, wanda ga kaurin milimita 40 yake nufin juyi wajen 240 a minti. A wannan gudun motar ba ta da ƙarfin kirki, kuma da zarar na zurfafa wuƙa fiye da rabin milimita sai sautinta ya sauka, juyin ya ragu, wani lokaci ya tsaya cak. Saboda haka rage milimita uku daga wajen ƙarfen aiki ne na wucewa sau da yawa, a hankali. Amma da aka zo yankan ƙarshe, inda ake cire abin da bai kai kaurin gashi ba, injin ya yi abin da aka ce masa. Tsakin ya riƙa fitowa siriri yana nannaɗewa, fuskar ƙarfen tana sheƙi, kuma maikuromita, wato ma'aunin kauri, ta nuna awo ɗaya a kai da gindi.

Akwai abubuwa biyu da ke ɓata irin wannan aiki waɗanda ba laifin inji ba ne. Na ɗaya, duk abin da aka tura wuƙa ciki, kaurin ƙarfen yana raguwa da ninkinsa biyu, tunda ana cire shi daga kowane gefe. Na biyu shi ne zafi. Matsin da ake so tsakanin boris da mazauninsa bai wuce milimita 0.01 zuwa 0.02 ba, alhali zoben ƙarfe mai faɗin 37 da ya ɗau zafin digiri 40 sama da na ɗaki yana kumbura da kusan milimita 0.02. Wanda ya auna aikinsa yana da zafi zai ga ya kai awo, idan ya huce kuma ya tarar ya yi ƙaranci. Alminiyam ya fi muni, domin kumburinsa ya kusa ninka na ƙarfe. A bar aiki ya huce kafin yankan ƙarshe. Wannan kumburin dai shi ne kuma yake taimakawa wajen haɗawa: na ɗumama cibiyar tayar, na sanyaya zoben da boris a firji, suka shige da ɗan bugu kaɗan, da zafinsu ya daidaita suka riƙe juna gam.

Wani sashe da ba a ganinsa, wanda kuma mutane da yawa ke mantawa da shi, shi ne bututun da ke zaune tsakanin boris biyun a cikin cibiya. Shi ne yake ɗaukar matsin notin sandar taya daga zoben ciki na boris ɗaya zuwa na ɗayan. Idan ya gaza tsawo ko da kaɗan ne, ɗaure noti zai tura zoben cikin ya danne ƙwallayen boris a gefe, taya ta yi nauyin juyawa, boris ya mutu da wuri. Tunda sanda ta canza, dole bututun ya canza, kuma tsawonsa dole ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin mazaunan biyu, fuskokinsa biyu kuma su zama a miƙe sosai. Zarto da magagari ba za su ba da wannan ba, komai ƙwarewar hannu. A kan injin nan aiki ne mai sauƙi, haka ma zobba biyu na waje da ke tsayar da taya a tsakiyar ƙafafu. Da na ɗaure notin na murza tayar ta yi ta juyawa ba ƙara ba girgiɗi, na tabbata injin ya biya bukatar da aka saye shi dominta.

A baya matsalar layin sarƙa ce. Sarƙar mai lamba 428 ce, tazarar gaɓoɓinta milimita 12.7, kuma idan aka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar giyar baya ya kamata ya sauka daidai a fuskar ta gaba. Tawa ta kauce da 'yan milimitoci, don haka na yi faifan alminiyam 6061 da zai zauna a bayan giyar baya ya turo ta waje. A alminiyam injin wani abu ne dabam: yana cin milimita ɗaya a wucewa ɗaya ba ya gunaguni. Sai dai faɗin faifan ya kai bakin abin da mariƙin zai iya kamawa, har sai da na sa muƙamuƙan waje, kuma keken wuƙa ya ja baya iyakarsa kafin ya kai gefen aikin. Inci bakwai ɗin da ke cikin sunan injin a saman gado ne kawai. A saman teburin wuƙa abin da zai wuce ya ragu ƙwarai. Ramukan noti kuma ba aikinsa ba ne, sai an koma ga injin huda.

Sauran ƙananan kaya ba su bukatar dogon bayani. Matakan ƙafa, bushin na tagulla ga fedar birki, toshiyar ƙarshen kan babur mai kaurin milimita 22, zobban da suka cike tsakanin inji da firam inda maratayan ba su haɗu ba, ɗan bututun da ya haɗa kafireta da bakin inji, duk ya yi su da kyau, kuma a irin wannan aiki ne yake kwana yake tashi.

Yankan tiredi ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan mai saye zai iya yin zaɓin da zai dame shi shekaru. Tsarin da injin yake bi tsoho ne, tun wanda injiniyan Ingila Henry Maudslay ya inganta a Landan a wajajen 1800: dogon sukuru yana jan keken wuƙa, giyoyin da ake sauyawa kuma su ne ke ƙayyade nisan da keken zai yi a kowane juyi. Ana sayar da wannan ƙaramin inji iri biyu, mai dogon sukuru na awon mita, wanda tazarar haƙoransa milimita 1.5 ce, da mai na awon inci, haƙora 16 a kowane inci. Baburan Japan da na Turai na zamani duk awon mita suke bi, na Amurka irin su Harley-Davidson sun daɗe a kan awon inci, tsofaffin baburan Ingila kuma suna da nasu, ciki har da mai haƙora 26 a inci. Domin a yanka tiredin mita daidai a kan sukurun inci ana bukatar giya mai haƙora 127, saboda inci ɗaya milimita 25.4 ne, kuma wannan giya ba ta cikin waɗanda suka zo da nawa. Da giyoyin da ke akwai ana samun awo na kusa, wanda yake wadatarwa ga gajeren noti amma yake cijewa a dogon tiredi. Wanda kayansa na Japan ne ya sayi mai sukurun mita. Sauya giyoyin aiki ne mai cin lokaci da ɓata hannu, shi ya sa tiredi na yau da kullum kamar M6 da M8, wato masu kaurin milimita 6 da 8, nake yanka su da kayan yankan tiredi na hannu, ina amfani da matokarin baya don su shiga a miƙe. Inda injin ya yi rana shi ne a tiredin da ba a samun kayan yankansa cikin sauƙi. Misali, ramin madubi a yawancin baburan Japan M10x1.25 ne, wato kauri milimita 10 da tazarar haƙora 1.25, amma a baburan Yamaha da yawa na hannun dama tiredinsa na hagu ne. Da juya ɗan hannun da ke bayan injin, dogon sukuru ya koma juyawa baya, na yanka mahaɗin da ya karɓi madubin da nake da shi.

Babban raunin injin rashin ƙarfin jiki ne, kuma babu inda yake bayyana kamar wajen yanke aiki daga jikin ƙarfe da siririyar wuƙa. A alminiyam da tagulla abin yana tafiya. A ƙarfe kuwa, da wuƙa ta ɗan nutsa sai a ji ƙara mai kaifi, teburin ya soma karkarwa, fuskar aikin ta fito da layi-layi, idan aka matsa kuma wuƙar ta cije injin ya tsaya. Abin da ya rage mini wannan shi ne kulle keken a kan gado, rage fitowar wuƙa iyakar yiwuwa, tabbatar da tsininta yana daidai tsakiyar aiki, yin yankan dab da mariƙi, da ɗiga mai ba fashi. Duk da haka, ƙarfe mai kauri nakan yanka rabi ne in kashe inji in ƙarasa da zarto, sannan in gyara fuskar. Ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304 ya fi komai ba shi wahala, domin idan wuƙa ta goge shi ba ta yanka ba sai fuskarsa ta ƙara tauri; 303 ya fi sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba. Giyoyin da ke cikin kan injin na roba ne, kuma idan wuƙa ta cije da ƙarfi su ne ke karyewa. Wasu na ganin hakan kariya ce ga mota, kuma akwai gaskiya a ciki, amma sauya su sai an kwance kan injin gaba ɗaya an zare sandar juyawa. Akwai samfurin da motarsa ba ta da gawayi, mai wat 500, wanda bel ke juya shi kai tsaye babu waɗannan giyoyi, kuma ya fi ƙarfi a ƙaramin gudu. Wanda yake da hali ya nemi wannan.

Game da girma, a san cewa faifan birki, gangar birki, rim, gyaran cikin silinda da sandar kuranki duk sun fi ƙarfinsa. Bututun ƙafafun gaba, ko na ƙaramin babur ne mai milimita 27 ko 31, ba zai shiga ramin milimita 20 ba, don haka ba za a iya rage masa tsawo ko a yi masa tiredi a kai ba. Milimita 350 ɗin ma idan aka cire wurin da mariƙi ya ci da wanda kan diril da bakinsa suka ci, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma sassan da za su shiga injin amma ban yarda a ƙera su a kansa da wasa ba, wato sandar taya, sandar wuyan babur da ƙafafun gaba ke juyawa a kanta, sandar hannun da ke ɗauke da tayar baya, da notocin da ke riƙe birki. Matsalar a nan ta ƙarfe ce da ilimi. Guntun ƙarfen da aka tsinta ba a san irinsa ba zai iya fitowa da kyau kamar na masana'anta, ya yi watanni yana aiki, sannan ya tsage daga kusurwa mai kaifi inda kauri ya canza, domin a irin wannan wuri ne gajiyar ƙarfe take farawa. Irin waɗannan sanduna ana yin su ne da ƙarfe sananne kamar mai lamba 4140, a bar kusurwoyinsu da lanƙwasa, kuma tiredin notocin masana'anta masu lambar ƙarfi 8.8 ko 10.9 murza shi ake yi ba yanka ba, abin da ke sa ya fi jure gajiya. Hatta wajen walda sai an san ƙarfe: alminiyam 6061 yana karɓar walda, 7075 ba a yarda da waldarsa ba, haka ƙarfe mai saurin yankuwa 12L14 saboda dalmar da ke cikinsa. Masu sha'awar wannan aiki sukan kawo misalin Burt Munro, mutumin New Zealand da ya sayi babur Indian Scout ƙirar 1920, ya riƙa zuba fistin da kansa a gida, har ya kafa tarihin gudu a filin gishiri na Bonneville a Amurka a 1967 yana da shekara 68. Labarin gaskiya ne, kuma ya isa a yi alfahari da shi, amma mutumin ya shafe fiye da shekara arba'in a kan babur ɗaya, ya farfasa sassa masu yawa kafin ya san abin da ƙarfe zai ɗauka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a sandar tayar gaba ransa mutum yake ɗorawa, da na wanda yake tafe a gabansa. Ni dai na bar sandunan masana'anta yadda suke, na sa sauran kaya suka bi awonsu.

Kayan da suka zo da injin ba su isa a yi aiki ba, kuma wannan ya kamata ya shiga lissafin mai saye. Ana bukatar kan diril da zai shiga matokarin baya, tsini mai juyawa, wuƙar faɗaɗa rami, maikuromita mai karanta milimita 0.01, agogon awo mai gindin maganaɗisu, da mariƙi mai muƙamuƙi huɗu wanda kowanne ake ɗaure shi dabam. Na ƙarshen nan shi ne ke ba da damar mayar da aikin da aka riga aka kwance a tsakiya daidai, abin da mai muƙamuƙi uku ba ya iyawa. Wuƙaƙen da aka haɗo da injin ban ga amfaninsu ba. Wuƙar ƙarfen yanka da mutum ya wasa da kansa, ko ƙananan bakunan yanka na kabaid mai tsananin tauri, masu kaifi da sheƙi waɗanda aka yi domin alminiyam, su ne suka fi dacewa da inji marar ƙarfi, domin suna yanka ba tare da sun tura aikin ba. Mazaunin wuƙa mai saurin sauyawa ma ya cancanci kuɗinsa, saboda yana kawar da aikin cusa 'yan faya-fayai a ƙarƙashin wuƙa don daidaita tsayinta.

Ƙanƙantarsa kada ta ruɗi kowa. Makullin mariƙi ba a barinsa a jiki ko na daƙiƙa ɗaya, domin da an kunna zai fito kamar harsashi. Ba a sa safar hannu, ba a matsowa da riga mai faɗin hannu, ba a jan tsakin ƙarfe da yatsa ko inji yana tsaye, kuma tabarau na kariya wajibi ne. Tsakin ma a riƙa share shi daga kusa da akwatin lantarki, domin allon da ke sarrafa gudun mota ba ya shiri da ƙurar ƙarfe.

Akwai masu cewa gara a nemi tsohon inji mai nauyi, irin Myford ML7 na Ingila da aka fara ƙerawa a 1946, ko South Bend mai inci tara na Amurka. Idan an samu mai lafiya babu shakka ya fi wannan ƙarfi da natsuwa. Amma tsohon inji gadonsa yakan cinye a kusa da mariƙi, inda aka fi aiki, kuma sabon shiga ba shi da idon gane hakan, ga nauyi da cin wuri. Ga mai ɗan ɗaki da babur ɗaya a gabansa, wanda bukatarsa zobba ce da bushin da mahaɗai da ba su wuce tafin hannu ba, kuma yake shirye ya fara gyara injin kafin injin ya gyara masa komai, ina ba da shawarar 7x14 da zuciya ɗaya. Wanda yake nufin sana'a, ko yake son taɓa cikin injin babur da birki, wannan ba nasa ba ne.

Idan an tashi saye, a guji ɗan'uwansa 7x10 mai gajeren gado, domin da an sa kan diril wurin aiki ya ƙare. A tambayi irin dogon sukurun da ke jikinsa, na mita ne ko na inci. A duba ko matokarin baya da hannu ake kulle shi ko da sifana, saboda wanda ake kullewa da sifana yana gajiyar da mutum a aikin huda. A kama mariƙi a girgiza a ji ko sandar juyawa tana wasa, a bi gadon da yatsa daga kai zuwa gindi a ji ko akwai tabo, sannan a tabbatar mai sayarwa yana da giyoyin roba da bel da allon lantarki na canji.